Zuba Jari a Gajerun Sunayen Adireshin Intanet: Inda Riba Take da Inda Haɗari Yake

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2010 kamfanin Facebook ya biya wata tsohuwar ƙungiyar manoma ta Amurka, wato American Farm Bureau Federation, dala miliyan 8.5 domin ta sakar masa adireshin fb.com. Shekaru tara bayan haka, a 2019, kamfanin MicroStrategy ya sayar da adireshin voice.com a kan dala miliyan 30. Irin waɗannan labarai su ne kan sa matasa da dama, har da ɗaliban jami'o'i, su ɗauka cewa duk wanda ya yi wa 'yan gajerun sunaye rajista ya ajiye, to ya kama hanyar arziki. Masu iya magana kuwa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan abin da ake nufi da sunan adireshin intanet, da dalilan da kan sa wani suna ya yi tsada wani kuma ya zama kayan banza. Daga nan za a kawo lissafin da ya kamata duk mai sha'awar wannan sana'a ya yi kafin ya fitar da kuɗinsa, sannan a waiwayi dokokin da suka kewaye ta.

2.0 Ma'anar Sunan Adireshi da Asalinsa

Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da lambar da sauran kwamfutoci ke gane ta da ita. A tsohon tsari, wanda har yanzu ake amfani da shi, lambar takan zo rukuni huɗu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255. Da yake ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi riƙe kalmomi a kan lambobi, sai aka riƙa laƙaba wa kwamfutocin sunaye. Da farko ana tattara sunayen duka a cikin kundi guda, wanda Cibiyar Bincike ta Stanford da ke Amurka ke kula da shi. Da kwamfutocin suka yi yawa, sai kundin ya gagara ɗauka. A shekarar 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris, na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya tsara hanyar da ake kira DNS, wadda ke juya suna ya koma lamba cikin ƙiftawar ido.

Sunan adireshi yana da sassa biyu da ɗigo ya raba. Akwai ainihin sunan, sannan akwai abin da ke biye da shi, wanda a nan za a kira ɗafa-ƙeya, kamar yadda masana harshe ke kiran abin da ake liƙa wa kalma a ƙarshe. A cikin fb.com, "fb" ne suna, ".com" kuma ɗafa-ƙeya. Akwai ɗafa-ƙeyoyi na gama-gari irin su .com da .net da .org, akwai kuma na ƙasashe, kamar .ng na Nijeriya, .ne na Nijar, .gh na Gana da .cm na Kamaru. Sunan farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashin .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba a mallakar sunan adireshi mallaka ta har abada. Haya ce ake biya shekara-shekara. Har zuwa 1995 kyauta ake yin rajista, amma a shekarar sai kamfanin Network Solutions ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu. Tun daga 1998 ƙungiyar ICANN ce ke sa ido a kan tsarin baki ɗaya. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da babban kundin .com, kuma a watan Satumba na 2024 farashin sarin da yake ba dillalan rajista ya kai dala 10.26 a kan kowane suna a shekara. Wanda ya kasa sabunta hayarsa ana ba shi ɗan wa'adi, sai a biyo da kwana 30 na fansa da tara mai nauyi, daga nan sunan ya koma kasuwa.

3.0 Dalilin Tsadar Gajeren Suna

Tushen tsadar gajeren suna lissafi ne mai sauƙi. Haruffan da tsarin ya ginu a kansu guda 26 ne. Idan aka ware lambobi da karan ɗori, ga adadin sunayen da za a iya ƙerawa:

Haruffa biyu: 26 × 26 = 676
Haruffa uku: 17,576
Haruffa huɗu: 456,976
Haruffa biyar: 11,881,376

A ƙarshen 2024 sunayen adireshi da aka yi wa rajista a duniya sun haura miliyan 360, kuma fiye da miliyan 150 daga ciki na .com ne. Idan aka gwada wannan yawa da adadin da ke sama, za a ga dalilin da ya sa duk wani sunan .com mai haruffa biyu, ko uku, ko huɗu ya riga ya sami mai shi tun shekaru da dama. Wanda ke son ɗaya daga ciki dole ya saya daga hannun wani. Masu harafi ɗaya sun fi ƙaranci, domin a 1993 an hana yi musu rajista, sai uku kacal da suka riga suka shige: q.com da x.com da z.com. Kamfanin motoci na Nissan ya sayar da z.com a 2014 a kan kimanin dala miliyan 6.8, shi kuwa x.com Elon Musk ya sake saye shi daga kamfanin PayPal a 2017, ya mayar da shi sabon gidan Twitter daga baya.

Sai dai ƙaranci kaɗai ba ya haifar da daraja. Sunan da ya ƙunshi haruffa huɗu marasa kan gado yana da ƙaranci daidai da kowane mai haruffa huɗu, amma yana iya shekara goma ba wanda ya taya shi. Abin da ke kawo babban farashi shi ne a sami kamfani guda wanda ya riga ya yi ƙarfi, wanda kuma sunan nan shi kaɗai yake bukata. Tarihi ya nuna haka sau da yawa. Facebook ya fara ne da thefacebook.com, sai a 2005 ya sayi facebook.com a kan dala 200,000. Kamfanin Tesla ya daɗe yana amfani da teslamotors.com kafin ya mallaki tesla.com a 2016, kuma Elon Musk ya bayyana cewa dala miliyan 11 aka biya. Kamfanin wayoyin Xiaomi na ƙasar Sin ya sayi mi.com a 2014 a kan dala miliyan 3.6, saboda yana shirin fita kasuwannin waje inda furta cikakken sunansa ke yi wa mutane wuya. A duk waɗannan misalai, bukatar mai saye ce ta yanke farashi.

4.0 Siffofin Sunan da Ya Dace da Tambari

'Yan kasuwar sunaye sukan kasa hajarsu gida biyu. Kashi na farko shi ne kalmomin ƙamus masu bayyana sana'a kai tsaye, kamar business.com, wanda aka saya dala 150,000 a 1997 aka kuma sayar dala miliyan 7.5 a 1999. Kashi na biyu shi ne sunayen tambari, wato ƙagaggun kalmomi ko waɗanda aka ɗan murɗe, da ba su ɗaure kamfani ga wata sana'a guda ba. Google, wanda aka yi wa rajista a 1997, ya samo asali ne daga sunan wata lamba a fannin lissafi, wato 1 da sifiri 100 a bayanta. Irin wannan kashi na biyu shi ne ƙaramin mai jari ke iya shiga a yau, domin har yanzu ana iya ƙago sabuwar kalma a yi mata rajista a kan farashin gama-gari.

Akwai siffofi huɗu da ake dubawa.

Ta farko ita ce sauƙin furuci. Sunayen da suka fi karɓuwa su ne masu gaɓa biyu ko uku, inda baƙi da wasali ke bin juna bi da bi. Mai nazarin Hausa zai lura cewa wannan shi ne tsarin mafi yawan kalmomin harshen, irin su gida da ruwa da zuma. Irin wannan gini yana da sauƙi a bakin Bajapane da Balarabe da Bature.

Ta biyu ita ce abin da ake kira gwajin rediyo. Idan aka ambaci sunan sau ɗaya a rediyo, shin mai sauraro zai iya rubuta shi daidai ba tare da an yi masa baƙi da wasali ba? Sunan da ke ɗauke da karan ɗori, ko lamba a tsakiya, ko harafin da ba a furtawa, ya faɗi wannan jarrabawa.

Ta uku ita ce tsabtar ma'ana a sauran harsuna. Kamfanin Mitsubishi ya sauya wa motarsa Pajero suna zuwa Montero a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, saboda kalmar batsa ce a wurinsu. Mai ƙago suna daga Hausa yana da ƙarin abin lura. Asalin tsarin adireshi bai san haruffa masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ. Tun 2003 akwai dabarar shigar da baƙin haruffa, amma mutane kaɗan ne ke iya buga su a waya. Don haka a aikace "ƙasa" da "kasa" adireshi ɗaya suke komawa, haka ma "ƙafa" da "kafa".

Ta huɗu ita ce ɗafa-ƙeya. A 2012 ICANN ta buɗe ƙofar neman sababbin ɗafa-ƙeyoyi, aka shigar da takardun nema 1,930, aka kuma ƙaddamar da fiye da 1,200. Duk da haka .com ne ke kan gaba a farashi, domin shi ne yatsun mutane suka saba bugawa. Wannan yana nuna wani bambanci tsakanin sunan adireshi da fili: ba a ƙago sabuwar ƙasa, amma ana iya ƙago sabuwar ɗafa-ƙeya da sa hannu a takarda.

5.0 Ɗafa-ƙeyoyin Ƙasashe

Wasu ƙananan ƙasashe sun tsinci dami a kala saboda haruffa biyun da aka ba su. Tuvalu, tsibiran da ke Tekun Pasifik masu mutane kimanin 11,000, ta sami .tv, wanda ya yi daidai da taƙaitaccen sunan talabijin. Ta ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 50 na tsawon shekara 12 da wani kamfani, kuma kuɗin sun taimaka mata wajen shiga Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2000. Tsibirin Angwila da ke yankin Karibiyan shi ke da .ai, wanda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suka yi wa rubdugu. A 2023 tsibirin ya sami kusan dala miliyan 32 daga rajista, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigar gwamnatinsa.

Amma mai jari ya sani cewa sunan da ke ƙarƙashin ɗafa-ƙeyar ƙasa yana ƙarƙashin dokarta da siyasarta. A 2010 hukumar rajista ta Libiya ta rufe adireshin vb.ly saboda abin da ke cikinsa ya saɓa wa ƙa'idojinta. A wannan shekarar ce kuma aka share .yu baki ɗaya, bayan wargajewar ƙasar Yugoslabiya. Haka nan sanarwar da Birtaniya ta yi a 2024 cewa za ta miƙa tsibiran Chagos ga Moris ta sa aka fara tambayar makomar .io, wanda kamfanonin fasaha ke yawan amfani da shi. A Nijeriya, ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da .ng.

6.0 Lissafin Riba da Asara

A nan ne gizo ke saƙa. Labaran miliyoyin daloli kaɗai ke fitowa a jaridu, sunayen da aka yi ta biyan hayarsu har aka gaji aka saki kuwa ba a jin labarinsu. Masu wannan sana'a sukan ƙiyasta cewa a cikin kowane suna 100 masu kyau da aka baje a kasuwa, ɗaya ko biyu ne ake sayarwa a shekara. Ana bajewa ne a dandalai irin su Sedo da Afternic da BrandBucket, kuma kowane dandali yana cire la'adarsa.

A ƙaddara wani mai jari yana da suna 200, yana biyan dala 12 a kan kowanne a shekara. Hayarsa ta shekara ta kama dala 2,400. A ƙaddara kuma kowane suna ana sayensa dala 2,000, dandali yana cire kashi 25 cikin 100.

Idan ya sayar da huɗu, ya sami dala 8,000. A cire la'ada 2,000 da haya 2,400, saura 3,600.
Idan ya sayar da biyu, ya sami dala 4,000. A cire la'ada 1,000 da haya 2,400, saura 600.
Idan ɗaya kawai ya sayar, ya sami dala 2,000. A cire la'ada 500 da haya 2,400, ya yi asarar 900.

Wannan lissafi bai haɗa da kuɗin da ya kashe wajen sayen sunayen tun farko ba, bai kuma haɗa da lokacinsa ba. Abin lura shi ne, tsakanin riba mai auki da asara akwai ciniki uku kacal a cikin shekara guda, kuma mai jari ba shi da ikon kiran mai saye. Haya tabbas ce, ciniki kuwa sai an dace. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira akwai ƙarin nauyi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta kai naira 1,500. Hayar dala 2,400 da ta kasance naira 1,104,000 ta koma naira 3,600,000, alhali ko suna ɗaya bai ƙaru ba.

Akwai kuma haɗarin bin yayi. A ƙarshen 2015 masu jari daga ƙasar Sin suka yi ca a kan sunayen .com masu haruffa huɗu waɗanda ba su da wasali ko harafin v, domin irinsu ne ke dacewa da taƙaita kalmomin Sinanci. Da aka cire haruffa shida sai saura 20, wato suna 160,000 ke nan. Farashi ya yi ta ninkawa cikin 'yan watanni, saboda 'yan kasuwa ne ke saye daga hannun 'yan kasuwa, kowa na jiran wanda zai biya fiye da shi. Da shekarar 2016 ta kama sai kasuwar ta karye, waɗanda suka shigo a ƙarshe suka kwana ciki. Darasin a fili yake: farashin da ba kamfani mai bukata ne ya biya shi ba, ba ya daɗewa.

7.0 Doka da 'Yan Damfara

A 1994 wani ɗan jarida na mujallar Wired, Joshua Quittner, ya yi wa mcdonalds.com rajista domin ya nuna cewa manyan kamfanoni ba su farka ba. Ya mayar musu bayan sun ba wata makaranta gudummawa. Wasu kuwa suka mayar da abin sana'a, suna kama sunayen kamfanoni suna neman kuɗin fansa. Wannan ya sa a 1999 aka ɗauki matakai biyu. Amurka ta kafa dokar da ta ba kotu damar cin tarar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna da aka kama da mugun nufi. ICANN kuma ta fito da tsarin sasanta rikici mai suna UDRP, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Fasaha ta Duniya, WIPO, da ke Janeba take cikin masu zartar da shi.

A ƙarƙashin wannan tsari mai ƙara zai tabbatar da abu uku: cewa sunan ya yi daidai ko ya yi kama da alamar kasuwancinsa har ya iya rikita mutane, cewa mai riƙe da sunan ba shi da wani haƙƙi ko halattacciyar bukata a kansa, da kuma cewa da mugun nufi aka yi rajistar ake kuma amfani da ita. Idan ukun suka tabbata, sai a ƙwace sunan ba tare da diyya ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauki sunan fitaccen kamfani ya sauya harafi ɗaya, ko ya liƙa masa wata kalma, to ya sayi rigima da kuɗinsa. Binciken kundin alamomin kasuwanci kafin rajista wajibi ne.

Ta fuskar damfara kuwa, sananniyar dabara ita ce wani ya aiko da wasiƙa yana tayin kuɗi masu yawa, da sharaɗin mai suna ya fara biyan kuɗin takardar ƙiyasin daraja a wani shafi da shi mai tayin ya zaɓa. Da zarar an biya sai ya ɓace. Hanyar kariya ita ce a yi ciniki ta hannun amintaccen ɗan tsakani, kamar Escrow.com ko shi kansa dandalin, wanda zai riƙe kuɗin har sai an miƙa suna. Ya kamata kuma a kulle asusun rajista da matakan tsaro biyu, domin wanda ya sace mabuɗin asusu ya sace hajar gaba ɗaya.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa cinikin gajerun sunayen adireshi sana'a ce ta gaskiya, mai tarihi da dokoki da kasuwanni. Darajar suna tana fitowa ne daga haɗuwar abu biyu, wato ƙarancinsa da kuma bukatar wani mai saye da zai gina kasuwancinsa a kai. Na farko ana iya ƙididdige shi da alƙalami, na biyu kuwa sai dai a jira shi, kuma kowace shekarar jira tana da farashinta.

Saboda haka ɗalibin da ke son gwadawa zai fi dacewa ya fara da sunaye kaɗan, da kuɗin da rasa su ba zai taɓa karatunsa ko abincinsa ba. Ya yi nazarin farashin da aka riga aka sayar da makamantan sunayen, ya rubuta sana'o'in da kowane suna zai dace da su kafin ya biya ko kwabo, ya kuma ware kuɗin hayar shekara uku zuwa biyar tun daga farko. Duk sunan da aka shekara biyu ba a taya ba, ya duba ko ya cancanci a sabunta shi. Wanda kuma ke da kasuwanci na kansa, ko yake shirin kafawa, ya gaggauta yi wa sunansa rajista tun yana kan farashin 'yan daloli, kafin wani ya riga shi ya kuma yanka masa nasa farashin.